Wai da gaske dawo da roka na rage kuɗin zuwa sararin samaniya?

Sabon_shiga:
Salam jama'a. Na ga bidiyon rokar kamfanin SpaceX na Amurka tana saukowa a tsaye cak kan wani faffaɗan jirgin ruwa a tsakiyar teku, ba ƙarya abin ya burge ni. Amma don Allah ina ribar take? Abin da ya sha wuta haka ai gyaransa ma kuɗi ne, ba gara a ƙera sabo ba?

Mai_sifana:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Man da roka ke sha ba shi ne tsadar ba fa, bai ma kai kashi 1 cikin 100 na kuɗin harbawa ba. Kuɗin na jikin rokar ne musamman injina, kuma Falcon 9, wato rokar ta SpaceX, injina tara gare ta a ɓangaren ƙasa, a da irin wannan ɓangaren teku yake faɗawa bayan 'yan mintuna, kamar ka sayi sabuwar mota ka yi tafiya ɗaya ka tura ta rami. A Disamba 2015 suka fara saukar da shi lafiya, a Maris 2017 suka sake harba wanda ya taɓa tashi, yanzu akwai waɗanda sun haura tashi 20.

Kokwanto:
Malam a bi a hankali dai. Amurka ta gwada da kumbonta Space Shuttle daga 1981 zuwa 2011, tashi 135, yana dawowa ɗin amma sai a shafe watanni ana kwance injina ana duba dubban tayil ɗin kare zafi ɗaya bayan ɗaya, ƙarshe arahar ba ta samu ba. Kuma man da za a ajiye na saukowa yana rage kayan da rokar za ta ɗauka.

Mai_sifana:
Wallahi ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni a ganina saukowar ba ita ce nasarar ba, saurin komawa aiki ne, don ma'aikata albashinsu na tafiya ko an tashi ko ba a tashi ba. Falcon kananzir take sha yana barin baƙin hayaƙi a inji sai an tsaftace, yana cikin dalilan da suka sa Starship, sabuwar babbar rokar SpaceX, ta koma iskar gas ta mitan. A Oktoba 2024 ma hasumiyar harbawa ce ta cafke ɓangaren ƙasan da hannuwan ƙarfe a Texas, burinsu a zuba mai a sake tashi nan take. Sai dai wannan har yanzu buri ne.

Sabon_shiga:
Na gode sosai. To ɓangaren saman Falcon ɗin fa, shi ma yana dawowa?

Kokwanto:
Ina! Shi kam kowace tafiya sabo ake ƙerawa.