Tumatir a tsakar gida da bargon ƙyallaye a hutun damina

Maman Fadila, Garwa:
Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma dogon hutunmu yana farawa a watan Yuni ya kai farkon Satumba. Ina so in cika shi da abu biyu: shuka tumatir a tsakar gida, da haɗa bargo daga ƙyallayen atamfa da na tara buhu guda. Bara na shuka tumatir a watan Maris, ya yi ganye shar, ya yi fure, sai furen ya riƙa kakkaɓewa har ban tsinki ko ƙwaya ɗaya ba, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Shin laifin iri ne ko na lokaci? Bargon kuma ban taɓa yi ba, da me ake cika cikinsa?

Malam Hamadu, Marwa:
Wa alaikumus salam, Malama. Laifin lokaci ne. Idan zafi ya haura digiri 35, garin da ke cikin furen yakan lalace, furen ya bushe ya faɗi bai ƙulla ɗa ba, ga shi kuwa a Maris da Afrilu Garwa takan wuce digiri 40. Damina kuma da tata fitinar: ruwa ya kwanta a gindi saiwa ta ruɓe, ganye ya yi tabo, wani lokaci ki kwanta shukarki lafiya ki tashi ki tarar ta yi yaushi gaba ɗaya.

Saboda haka kada ki shuka a ƙasa. Ki nemi tsofaffin bokitai ko buhuna, ki huda gindinsu, ki cika su da ƙasa mai ɗan yashi haɗe da takin shanu wanda ya riga ya ruɓe, sannan ki jera su inda rana ke samunsu sosai amma ruwan indararo ba ya zuba a kansu. Ki tambayi masu sayar da iri ko suna da irin tumatir da ake kira Mongal, domin ya fi irin Roma jure damina. Ana yin dashe bayan sati 3 zuwa 4 da yafa irin, da yamma. Ki kafa wa kowace shuka sanda, ki cire ganyen da ke taɓa ƙasa, ruwa kuma a gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba.

Hajiya Dudu, Ngawundere:
'Yata, mu da sanyi ya saba da mu a nan kan tudu mun daɗe muna wannan ɗinki. Abu na farko, ki wanke ƙyallayen kowane launi daban, ki goge su kafin almakashi ya taɓa su. Bargona na fari ban wanke ba, wanki ɗaya jan ya zuba a kan farin, aikin wata biyu ya dawo kamar an tsoma shi a ruwan zoɓo. Ki yanka kwali murabba'i mai santimita 12, shi ne ma'auninki, ki bar santimita 1 a kowane gefe don ɗinki. Ki fara haɗa su layi-layi, sannan ki haɗa layukan.

Bargon hawa uku ne: fuskar ƙyallaye a sama, tsohon zanin gado a ƙasa, abin ciko a tsakiya. Ko da yake kuna garin auduga, ban ba ki shawarar sa ta ba a karon farko, domin idan ɗinkin bai yi kusa-kusa ba takan dunƙule gefe guda bayan wanki. Tsohon bargo marar kauri ya fi sauƙi. Ki shimfiɗa ukun a tabarma, ki kama su da dogon ɗinkin hannu, ki fara daga tsakiya ki yi waje, in ba haka ba zai tattare.

Abakar, Njamena:
Ina girmama bayanin Malam Hamadu, amma a ganina Malama ta fi samun abin da take so idan ta jira. Tumatir ɗan sanyi ne, shi ya sa masu lambu a bakin kogunan Shari da Logon suke yafa iri wajen Oktoba su ci amfaninsa a hunturu, lokacin da kwando ke araha. Na damina gwaji ne kawai, kada ya wuce bokiti 5 ko 6.

Maman Fadila, Garwa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan gwada bokiti 5 yanzu, sauran irin in ajiye shi sai Oktoba. Hajiya, ƙyallayena akwai na shadda da na leshi a ciki; in haɗa su da atamfar, ko in ware su?

Hajiya Dudu, Ngawundere:
Shaddar ki haɗa idan ta sha wanki ta yi laushi. Leshin ki ware shi, ramukansa ba sa riƙe zare.