Titin 125 na Harlem: har yanzu na baƙar fata ne?

Mai Tasi: Ni dai na ce titin 125, babban titin unguwar Harlem, ya riga ya kuɓuce wa baƙar fata. Tun da hukumar birnin New York ta sauya dokar gine-ginen titin a 2008, manyan kantuna suka danno. A 2017 aka buɗe babban kantin abinci na Whole Foods, a shekarar kuma aka rushe Lenox Lounge, tsohon gidan kiɗan jaz. Kuɗin haya ya kori masu ƙananan shaguna. Me ya rage?

Ɗalibin Tarihi: Malam, ai sai abu yana hannunka yake kuɓucewa. Yaushe gine-ginen suka zama nasu? A 1934 sai da baƙar fata suka ƙaurace wa kantin Blumstein, suka yi ta tsayuwa a ƙofarsa da kwalaye, kafin ya yarda ya ɗauki 'ya'yansu aikin sayar da kaya. Otal Theresa, inda Fidel Castro ya sauka a 1960 har ya gana da Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙar fata, bai fara karɓar baƙar fata ba sai 1940. Gidan wasan Apollo ma ya daɗe a hannun Turawa.

Mai Tasi: To ai ka ƙara mini hujja ke nan!

Ɗalibin Tarihi: A'a. Nufina, mutanen ne suka ba titin suna, ba takardun mallaka ba, kuma mutanen suna nan.

Hajiya Mai Kitso: Ƙanena, suna nan amma a takure. Karatu ka yi, mu a nan muke wuni. A 1994 magajin gari Giuliani ya sa aka kwashe 'yan tebur daga titin, akasarinsu baƙar fata, har da 'yan Afirka ta Yamma da yawa, aka mayar da su kasuwar Malcolm Shabazz a titi na 116. Yau ka tsaya bakin tashar jirgin ƙasa, za ka ga mata 'yan Senegal da Mali riƙe da kati suna kiran masu kitso cikin sanyi, shagon kuwa yana can saman bene, don na ƙasa ya fi ƙarfinsu. Ni kaina mai gini ya ƙara mini haya har na koma raba kujera da wata.

Ɗalibin Tarihi: Gaskiya ne, Hajiya. Amma daren Laraba an daɗe ana cika Apollo don gasar sababbin mawaƙa.

Hajiya Mai Kitso: Ana cikawa. Ka tambayi masu shiga, nawa ne cikinsu ke kwana a Harlem?