Hujjar fyaɗe: yaya ake ɗaukar ta, kuma me doka ta ce game da ajiye ta?

Uwar_Marayu:

Assalamu alaikum. Tambayata ga likitoci da lauyoyin wannan zaure ce. Idan aka yi wa yarinya ko babbar mace fyaɗe, ina za a fara zuwa, asibiti ko caji ofis? Me ake ɗauka a jikinta a matsayin hujja, kuma kwana nawa take yi kafin ta lalace? Sannan na ji a Amurka doka ta tilasta a ajiye irin wannan hujja shekara da shekaru. Mu ma muna da irin ta?

Likitar_Mata:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Asibiti ake fara zuwa, kuma a ranar. Sashe na 20 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, saboda haka ba sai an jira takardar 'yan sanda ba. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28 ba fashi. Na hana ɗaukar ciki yana iya kai kwana 5, amma ƙarfinsa raguwa yake yi kullum. Ana kuma ba da maganin cututtukan sanyi da allurar rigakafin ciwon hanta.

Inda muke yawan rasa hujja a gida ne. Uwa ta ga 'yarta cikin wannan hali, tausayi ya sa ta dafa ruwa da bagaruwa ta gasa ta, ta wanke kamfai da zane. Niyyarta kyakkyawa ce, amma abin da kotu za ta gani ya bi rariya. Kada a yi mata wanka ko tsarki, kada ta goge baki, kada a canza kaya. In fitsari ya matsa, ta yi a kwalba mai tsabta a tafi da shi, musamman in ana zargin an ba ta wani abu ta sha.

A asibiti ba a taɓa ta sai da yardarta, kuma tana da ikon cewa a dakata a kowane mataki. Tana tuɓe kaya a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda don gashi ko ƙasa su faɗa a kai. Ana shafa tsinke mai auduga a baki, farji, dubura, ƙarƙashin farce da duk inda aka cije ta ko yawu ya taɓa. Na baki ba ya wuce kamar awa 24, na dubura kwana 3, na farji kan kai kwana 5.

Roƙona ga abokan aiki: a daina "gwajin budurci". Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba shi da tushe a ilimi. Rashin rauni ma ba ya nufin ba a yi fyaɗe ba. Likita ya rubuta abin da ya gani, da girman rauni da inda yake. Hukunci na alƙali ne.

Ɗakin_Gwaji:

Allah ya saka, Likita. Bari in ɗora daga inda kika tsaya. Babban abokin gabar wannan hujja shi ne laima. Audugar da aka rufe da danshi, ko kamfan da aka ƙulle a baƙar leda, a zafin ƙasarmu nan da nan suke yin fumfuna, ƙwayoyin cuta su cinye DNA ɗin, wato ƙwayar halittar da ake gane mutum da ita. Sai a bar su su bushe a inuwa, ba a rana ko kusa da wuta ba, sannan kowane abu ya shiga ambulan ɗinsa na takarda. Fitsari da jini ne ke shiga firij.

A manne bakin ambulan, wanda ya ɗauka ya sa hannu a kan mannin, ya rubuta rana, lokaci da ɓangaren jikin da aka ɗauko. Duk hannun da ya karɓa, daga nas zuwa ɗan sanda mai bincike zuwa mai ajiyar kayan shaida, sai ya rubuta suna da lokaci. A ɗauki samfurin ita kanta daga cikin kumatu, da na wanda ake zargi, da na mijinta in sun sadu a 'yan kwanakin, in ba haka ba babu abin da za a gwada da shi. Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA a 2017.

Barista_Arewa:

Hajiya, abin da kika ji gaskiya ne. A 2009 an gano ƙunshin hujja fiye da 11,000 a ma'ajiyar 'yan sandan birnin Ditiroyit na Amurka da ba a taɓa gwadawa ba. A 2016 Amurka ta yi dokar tarayya da ta ce, a shari'o'in tarayya, a ajiye hujjar shekara 20 ko iya wa'adin shigar da ƙara, duk wanda ya fi gajarta, kuma a sanar da mai ita kwana 60 kafin a lalata in ta nemi haka.

Dokarmu ta hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015 ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe, ta ba wadda aka zalunta haƙƙin samun magani da taimakon lauya, amma ba ta sa wa'adin gwada hujja ko ajiye ta ba. A ganina wannan giɓi ne da ya kamata majalisun jihohi su toshe. Kafin nan, takardun da ɗan'uwana Ɗakin_Gwaji ya lissafa su ne garkuwa: lauyan wanda ake tuhuma zai tambayi inda ambulan ya kwana kuma wa ya riƙe shi, in aka rasa amsa kotu na iya ƙin dogaro da shi.

Ku lura da sashe na 209 na dokar shaida ta 2011. Yaron da bai kai shekara 14 ba yana ba da shaida ba da rantsuwa ba, kuma ba a hukunta mutum da ita kaɗai sai wata hujja ta mara mata baya. Nan rahoton likita yake ɗaukar nauyin shari'ar. DNA kuwa saduwa yake tabbatarwa, ba ya nuna an tilasta mata, amma a sashe na 282 na kundin Final Kod, wato dokar laifuka ta Arewa, yardar 'yar ƙasa da 14 ba ta da wani tasiri.

Uwar_Marayu:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. To, Likita, in an riga an yi mata wanka, ko an kwana huɗu fa?

Likitar_Mata:

A kawo ta duk da haka, Hajiya. Rauni yana nan a rubuta shi, magani yana nan, kuma kayan da ba a wanke ba, zanen gado ko tabarma, suna riƙe busasshen maniyyi tsawon lokaci. A zo da su a takarda. Akwai cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe: a Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama a Kakuri, Tudun Wada, Zariya da Kafanchan. Kafin ku bar asibitin, ku rubuta lambar katinta da sunan likitan da ya duba ta, domin shi kotu za ta kira.