Mai jan gaba za ta iya zama motar manya?

Alhaji Bala: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da la'asar wani matashi ya zo wajena duba mota. Na buɗe masa Lexus ES 350, fes da ita. Ya zauna, ya shafa kujera, ya tayar, ko motsin inji ba ka ji. Can sai ya ɗaga bonet, ya ga injin a gicciye, ya ce, "Au, ashe mai jan gaba ce? Alhaji, ai wannan Camry ce aka sa wa babbar riga." Ya juya ya tafi neman Marsandi. Wallahi da maganar na kwana. Ni a ganina wannan zance na cewa sai mai jan baya, wato wadda injinta yake juya tayoyin baya, ita ce motar alfarma tsohon yayi ne. Mai jan gaba, wadda injinta yake juya tayoyin gaba, za ta iya karawa da kowace mota a kasuwar manya, kuma ES ta riga ta nuna haka. Wanda yake da ja, ga fili ga mai doki.

Injiniya Musa: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya ƙara girma, ni ina da ja. Yaron ya yi gatsali, amma bai yi ƙarya ba. Da Toyota suka fito da Lexus a 1989, mota biyu suka kawo. LS 400 mai fulogi takwas, mai jan baya, ita suka tura ta kara da Marsandi da BMW. ES 250 kuwa a kan ƙashin Camry aka gina ta, don kada mai ƙaramin ƙarfi ya shigo shago ya fita hannu rabbana. Ta 2013 da Avalon take raba ƙashi. Daga 2015 ma a masana'antar Georgetown ta jihar Kentucky aka riƙa haɗa ES ɗin Amurka, inda ake haɗa Camry. To idan masu motar da kansu ba su tura ta gaban S-Class, babbar motar Marsandi, ba, mu ne za mu tura ta?

Alhaji Bala: Musa, to ina Lexus GS take yau? Mai jan baya ce, an yi ta ne musamman don ta yi gogayya da E-Class ta Marsandi da 5 Series ta BMW. A 2020 Lexus suka rufe babinta, suka bar ES. A Turai ma ES suka kai ta maye gurbinta. Ɗan kasuwa ba ya yanka saniyar da take ba shi nono.

Oga Garba Makaniki: Bari in sa baki, tunda mu ne muke kwanciya a ƙarƙashinsu. Mai jan gaba, inji da giyabos da komai a dunƙule suke a gaba, shaf biyu gajeru su kai wa tayoyi ƙarfi, shi ke nan. Babu furofela, babu aksul a baya. Kaya sun ragu, nauyi ya ragu, shan mai ya ragu, cikin mota ya ƙara fili. Shi ya sa kamfani yake son ta, ta fi masa arhar haɗawa. Amma tana da nata. Robar shaf in ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga, sai ka ji kas-kas-kas duk lokacin da ka karya kwana. Kuma injin mai fulogi shida in aka gicciya shi, fulogi uku na baya suna maƙale jikin bango, sai ka sauke manifol kafin hannunka ya kai. Yarana suna ganin aikin sai su fara kallon juna. Mai jan baya kuwa injin a miƙe yake, fili hagu da dama. Sai dai ranar da aksul ɗinta ya fara kuka, mai ita zai san ya shiga Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyara.

Injiniya Musa: Oga, ka taɓo wurin da nake so. Arha ce ta kawo jan gaba, ba alfarma ba. Ku duba aikin da aka ɗora wa tayoyin gaba: su ne juyawa, su ne jan mota, kuma mafi yawan birki a kansu yake sauka. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin motar a kansu. BMW kuwa burinsu kullum su raba nauyi rabi da rabi. Sannan duk lokacin da ka taka totur nauyi baya yake komawa, gaba ya yi sakayau, wato tayoyin da ake so su kama kwalta su ne suke saki. In ƙarfin injin ya yi yawa har sitiyari za ka ji yana fizgar hannunka. ES 350 ta 2019 doki 302 gare ta, kuma kusan nan ne iyakar abin da ƙafar gaba za ta ɗauka cikin mutunci. Ku kawo mini S-Class ɗaya, ko 7 Series, ko Rolls-Royce mai jan gaba. Babu.

Hajiya Rabi: Ku yi haƙuri in tambaya. Wannan fizgar sitiyarin, a wane titin ake jin ta? Ni da kaina nake tuƙa motata daga Kano zuwa Kaduna in dawo, ban taɓa taka totur har ƙasa ba, kuma ba na fata.

Injiniya Musa: Hajiya, ko ba ki taka ba, akwai yadda mota take zama a hannu. Mai jan baya in kin shiga kwana kamar tana karanta zuciyarki. Mai jan gaba hancinta nauyi gare shi, so take ta wuce miƙe.

Hajiya Rabi: Ƙanena, wannan daɗin naka ne kai mai son tuƙi, ban raina shi ba. Ni abin da na biya kuɗi dominsa daban ne. Ranar bikin 'yar yayata mu uku muka zauna a bayan wata mota mai jan baya, ni ce a tsakiya. Wannan tudun da furofela take bi ta ƙarƙashinsa ya raba mini ƙafafu, ɗaya nan ɗaya can, ga leshi mai nauyi, ga jaka a cinya. Kafin mu kai Zariya ƙafata ta dama ta mutu. A tawa tudun kaɗan ne, uwata tana miƙe ƙafa ta yi barcinta. In wannan ba alfarma ba ce, a faɗa mini sunanta.

Isuhu Maraɗi: Salamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Injiniya, cewa arha ce ta kawo jan gaba, tarihi bai goyi bayanka duka ba. Citroën ta fito da Traction Avant tun 1934, sunan ma ma'anarsa jan gaba ke nan. A 1955 ta kawo DS, wadda ta zama motar shugabannin Faransa. A watan Agusta na 1962 aka buɗe wa Janar de Gaulle wuta a Petit-Clamart yana cikin DS, harsasai suka fasa tayoyi, direban ya riƙe ta ya fice da shi. Motar shugaban ƙasa ce fa, kuma da ƙafar gaba take ja.

Injiniya Musa: Malam Isuhu, gaskiya ne, amma abin da aka fi yabawa a wannan rana shi ne ƙafafunta masu aiki da matsin ruwa, su suka hana ta kifewa. Kuma ka ƙarasa labarin. Citroën C6, jikanyarta, daga 2005 zuwa 2012 ta yi ta fama, ba ta iya ƙwace kasuwa daga hannun Jamusawa ba. Haka Amurka. Cadillac sun mayar da DeVille mai jan gaba a 1985, suka wayi gari matasa masu kuɗi sun koma BMW da Marsandi, sai da suka dawo da jan baya a CTS a 2002. Lincoln suka farfaɗo da Continental a 2017, zuwa 2020 ta kwanta. Acura RLX ita ma 2020.

Isuhu Maraɗi: To ai a 2020 ɗin GS ta kwanta, kuma ita da baya take ja. Abin da ya ci su duka ɗaya ne: masu kuɗi sun koma jif. Kada mu ɗora wa shaf laifin da ba nasa ba.

Alhaji Bala: Allah ya biya ka, Isuhu. Kuma jif ɗin da ta fi fita a hannuna, Lexus RX, ita ma injinta a gicciye yake.

Baba Ado: Yara, ku bari tsohon direba ya ce wani abu. Na yi aikin gwamnati da 504, wadda ake haɗawa a Kaduna a wancan lokacin. Mai jan baya ce, kuma ban ga motar da ta san daji kamarta ba. In ka loda mata buhu biyu a but, sai ta ƙara kama ƙasa, ta haye tudun yashi tana huci. Mai jan gaba in ka loda mata baya a irin wannan hawa, tayoyin gaba sai su yi ta tono, kana zaune kana ganin ƙura. Wannan na ba Musa. Amma da aka kawo 406, mai jan gaba, kwamishinoni da manyan sakatarori suka shige ta, ban taɓa jin wanda ya tambaye ni da wace ƙafa take ja ba. Maigidan da na fi daɗewa da shi, da mun wuce Kwanar Dangora zai cire hula ya ɗora a gwiwa, ya jingina kai. Abin da yake so uku ne: sanyi ya kai masa baya, kada rami ya tashe shi, in ya ɗaga waya a ji shi ba sai ya ɗaga murya ba. In hular nan ba ta faɗo ba har muka isa, na san na yi tuƙi. Mai motar manya a baya yake zama, Musa. Kai kana yi wa direba ciniki ne.

Injiniya Musa: Baba, Allah ya ja kwana, ban isa in musa maka ba. Amma a Jamus mai E-Class da kansa yake tuƙa abarsa, kuma a manyan titunansu na Autobahn akwai wuraren da ba a ƙayyade gudu ba. A can aka gina sunan waɗannan motoci, sunan ne kuma ya biyo su har Kano. Mutum yana sayen abin da motar za ta iya, ko da ba zai taɓa sa ta ta yi ba.

Hajiya Rabi: Yanzu ka zo inda na yarda da kai. Suna ake saye. Na sha gani a ƙofar wurin biki, mai gadi yana hango tauraron Marsandi zai wangale ƙofa. Amma tambarin yake kallo, ba ya leƙa ƙarƙashi. CLA da Marsandi suka fitar a 2013 ba mai jan gaba ba ce? Yara nawa ne suke yawo da ita a Abuja suna jin kansu a sama?

Oga Garba Makaniki: Ita ce, Hajiya. BMW ma da suka yi shekaru suna alfahari da jan baya, 1 Series ta 2019 da gaba take ja. Audi kuwa A4 da A6 ɗinsu na ƙasa tun da can masu jan gaba ne, sai dai su a miƙe suke sa injin.

Injiniya Musa: Ku lura da inda suka ja layi. Marsandi sun yarda da jan gaba a A-Class da CLA, motocin shiga gida. Daga C-Class zuwa sama ba su taɓa ba. BMW daga 3 Series zuwa sama haka. Audi kuwa ba su samu zama a majalisar manya ba sai da quattro, mai ja da ƙafa huɗu, da suka fito da ita a 1980. Lexus ɗin ma a 2021 sai da suka ƙara wa ES mai ja da ƙafa huɗu. Alhaji ya ce "kowace mota". Wannan kalmar ce ban yarda da ita ba.

Alhaji Bala: To na janye "kowace". S-Class na bar maka ita, wannan wani aji ne, mai sayenta ba ya tambayar kuɗin mai. Amma E-Class ban bar maka ba. Mutumin da yake da kuɗin E-Class 'yar Kwatano yana tsayawa a gabana ya yi ta kai kawo tsakaninta da ES, ya tambayi kayan gyara, ya tambayi wace ce za ta karɓi man da muke samu a hanya, ya tambayi wadda zai sayar da wuri in buƙata ta taso. Da yawa da makullin ES suke tafiya. In ba karawa ba ce wannan, mece ce?

Injiniya Musa: Karawa ce, amma da amanar Toyota ta ci, ba da ƙafar gaba ba.

Alhaji Bala: Kuma ƙafar gaban ba ta hana ta ci ba. Abin da nake faɗa ke nan tun farko. Ga shawara. Ranar Asabar ina da su biyun a wajena, ES 350 da E 350, shekarunsu kusa da juna. Baba Ado ya tuƙa, kai ka zauna a baya mu ɗaure maka ido da rawani tun kafin ka shiga. Mu je Kwanar Dawaki mu dawo a kowace. In ka faɗi wadda take ja da baya, tukuicin Baba a kaina.

Injiniya Musa: Na yarda, da sharaɗi ɗaya. In mun gama, Alhaji ya karɓi sitiyari da kansa, ya zaga shatale-tale da kowace sau biyu, sannan ya faɗa wa jama'a tsakani da Allah wadda ta fi zama a hannunsa.

Baba Ado: Ni dai ba na gudu da motar mutane, ku sani tun yanzu. Bayan Azahar.

Hajiya Rabi: A bar mini kujerar tsakiya a duka biyun, ni ma ina da abin da zan auna.

Oga Garba Makaniki: Ku fara biyowa ta gareji in duba ƙafafunsu, in daidaita iskar tayoyi. E 350 ɗin ma sai na leƙa ƙarƙashinta, don akwai masu ja da ƙafa huɗu a cikinsu, kada a je a dawo wani ya ce ba a yi masa adalci ba.