Nick Saban gwani ne, ko Alabama ce ta rufa masa asiri?

Auta: Ni har gobe ban yarda Saban ne kocin da ya fi kowa a ƙwallon Amurka ta jami'o'i ba. Ya je ƙungiyar ƙwararru ta Miami Dolphins a 2005, kaka biyu ya ci wasa 15 aka lallasa shi a 17, ya tattara komatsansa. A Jami'ar Alabama kuwa zaratan yara ya riƙa kwasowa daga sakandare. Ko ni aka ba su ai sai na ɗau kofi.

Kawu: Auta, sassauta. Kofin ƙasa bakwai fa ake magana. Na farkon ma a Jami'ar LSU ta jihar Louisiana ya ɗauka, 2003. Da ya sauka Alabama a 2007, rabonta da kofi tun 1992. Waɗanda suka riga shi, wa ya riƙe musu hannu?

Malam: Batun Miami akwai abin da ake mantawa. A 2006 sun nemi Drew Brees, mai jefa ƙwallo, likitocinsu suka ji tsoron kafaɗarsa da aka yi wa tiyata. Suka ɗauko Daunte Culpepper, wasa huɗu kacal ya buga musu. Brees ya wuce New Orleans, ya ɗauko musu Super Bowl, babban kofin ƙwararru.

Auta: Allah gafarta Malam, wannan uzuri ne. Shi Saban kansa da yake ɗan wasa me ya taɓuka? Mai tsaron baya ne a Jami'ar Kent State, daga nan shiru.

Anti: To Bill Belichick, shahararren kocin ƙwararru, a wace ƙungiyar ƙwararru ya buga? Kuma shi ya damƙa wa Saban tsaron Cleveland Browns daga 1991 zuwa 1994.

Malam: Ni da Bear Bryant, tsohon kocin Alabama, ka kawo, da na saurare ka. Kofi shida, nasara 323.

Kawu: A zamanin Bryant da ƙuri'a ake naɗa zakara, Malam. A 1973 an riga an ba Alabama sarautar, sannan Jami'ar Notre Dame ta doke ta a wasan ƙarshen kaka na Sugar Bowl.

Auta: Duk na ji. Amma a Disamba 2006 Saban ya faɗa wa 'yan jarida ba zai zama kocin Alabama ba. Farkon Janairu sai ga shi a Tuscaloosa, garin da Jami'ar Alabama take.

Kawu: Wannan kam ba ni da bakin kare shi.