Wanke kyamarar da ke kallon teku daga can sama

Masu wasan hawan igiyar ruwa sukan duba kyamarar da aka kafa a bakin teku ta intanet kafin su fito, amma iska mai ɗauke da gishiri kan dusashe gilashinta har hoton ya zama tamkar hazo.

Da aka yi tambaya kan yadda za a wanke gilashin irin wannan kyamara da aka kafa a can sama, waɗanda suka tattauna batun sun haɗu a kan cewa kada a goge gilashin yana bushe, domin ƙwayoyin gishiri da yashi za su karce shi, kuma wannan tabon ba ya fita. A fara fesa ruwa mai tsabta gishirin ya narke, sannan a ɗaura tsumma mai laushi a bakin doguwar gora a share a hankali daga ƙasa. Wasu sun haɗa ƙaramin famfo da siririn tiyo irin na wanke gilashin mota, su kunna ba tare da hawa ba, kuma a ganina wannan dabarar ta fi kowace, musamman inda tsani ke rawa cikin iska. An kuma ja kunne a guji sandar ƙarfe kusa da wayar lantarki, a kuma yi wa kyamarar 'yar rumfa saboda kashin tsuntsaye.