Sabulun salo da karyewar gashi: ina batun pH ya shigo?

Maman Ilham, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da sabulun salo nake wanke kaina, kuma ina shafa man kaɗanya bayan kowace tsifa, amma gashin yana yin ƙarfi ya cukurkuɗe, mataji kuma yana fitowa cike da gutsattsari. Mai yi mini kitso ta ce matsalar pH ce. Mene ne shi, kuma wane abin wanki ya dace?

Malama ta Runjin Sambo:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ma'auni ne daga 0 zuwa 14 da ke nuna ko abu mai tsami ne ko yana ɓangaren kanwa, kuma 7 ce tsakiya. Fatar kai tana wajen 5.5, wato tana da ɗan tsami, shi kuwa sabulu, har da na salo da ake haɗawa da toka, yana kaiwa 9 zuwa 10. Kowane silin gashi yana lulluɓe da ƙananan ɓawo masu hawa kan juna kamar na kifi, kuma idan abu mai kanwa ya taɓa su sai su ɗaga, silin ya riƙa kama ɗan'uwansa, danshi ya tsere, musamman da hunturu irin na Sakkwato. Man kaɗanya yana rage bushewa, amma tunda babu ruwa a cikinsa, ba ya sauya pH. Ki nemi shamfun da aka rubuta 4.5 zuwa 5.5 a jikinsa, ki bi shi da kondishina, wato man laushin gashi da ake sawa bayan wanki.

Hajiya Inna, Gawon Nama:
Ni ban ga dalilin da za a yar da sabulun salo gaba ɗaya ba, domin yana fitar da datti sosai kuma yana da araha. Ki narka kaɗan a ruwa maimakon goga shi kai tsaye, sannan ki ɗauraye da cokali ɗaya na ruwan khal a cikin kofin ruwa. Kada ki zuba ruwan khal ɗin ko lemun tsami zalla, domin suna wajen 2 zuwa 3, kuma suna ƙona fatar da ta yi rauni.

Mai shagon gyaran gashi, Arkilla:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai ga mai sa rilaksa, wato man miƙar da gashi, lamarin ya fi haka, domin pH na mai ƙarfinsa yana wuce 12. Dole ne a wanke shi da shamfun da ke zuwa tare da shi don kashe kaifinsa, kuma a nisanci sabulun salo a ranar.